Tun Ran Gini Ran Zane: Kimiyyar Tsara Ginin Makarantar Sakandare a Karkara

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a aji da ƙarfe ɗaya na rana a cikin watan Afrilu ya san abin da za mu tattauna a wannan darasi. Kwano na ƙara a sama saboda zafi, gumi na ɗiga a kan littafi, malami na bayani amma rabin aji na gyangyaɗi. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka haka Allah Ya yi bazara, babu abin yi sai haƙuri. Gaskiya ne bazara da zafi take, domin a Kano da Sakkwato da Maraɗi ma'auni kan kai digiri 40 ko ya wuce. Sai dai kuma wani kaso mai yawa na wahalar da ake sha a cikin aji daga ginin kansa take fitowa, kuma tun ranar da aka zana shi a takarda aka yanke hukuncinta.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Makarantar karkara galibi ba ta da wutar lantarki da za a dogara da ita, balle fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Saboda haka ginin ne da kansa zai yi aikin fanka da fitila. A wannan darasi za mu ɗauka cewa an ba mu aikin tsara sabon gini na azuzuwa a wata sakandaren ƙauye. Za mu bi matakan ɗaya bayan ɗaya, mu yi amfani da ilmin fizis da lissafin da ake koyarwa a aji, sannan mu duba yadda wani masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Burkina Faso, Francis Kéré, ya aiwatar da waɗannan ƙa'idoji a makarantun da ya gina.

1. Daga ina zafin aji yake fitowa?

Zafi yana tafiya ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce ratsawa, kamar yadda cokalin ƙarfe ke ɗaukar zafi idan an bar shi cikin miya. Ta biyu ita ce tafiya tare da iska ko ruwa: iskar da ta yi zafi takan buɗe, ta yi rashin nauyi, ta tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta. Ta uku ita ce huci, wato irin zafin da mutum ke ji a fuskarsa idan ya tsaya kusa da murhu ko da babu iskar da ke kaɗowa. Ta wannan hanya ta uku ce zafin rana ke iso mana.

Bari mu auna. A ce ajinmu tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 7, wato murabba'in mita 63, kuma ɗalibai 40 za su zauna ciki. Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, kowane murabba'in mita yana samun ƙarfin rana kimanin wat 1,000. Ke nan rufin ajin nan yana karɓar wat 63,000, daidai da dutsen guga na lantarki guda 63 masu wat 1,000 an kunna su lokaci guda. Ban da wannan, jikin mutum a zaune yana fitar da zafi kusan wat 100, don haka ɗalibai 40 suna ƙara wat 4,000 daga ciki.

Wannan lissafi ya nuna mana ayyuka biyu da ke gaban mai tsara gini. Na farko, ya hana zafin rana shiga. Na biyu, ya buɗe wa zafin da ke ciki hanyar fita. Kusan duk abin da zai biyo baya a kan waɗannan biyu ya rataya.

2. Zaɓen wuri da fuskantar rana

Kafin a ja layi ko ɗaya, sai a je filin a tsaya. A tambayi dattawan gari inda ruwa ke kwanciya da damina da inda yake bi idan an yi mamako. A guji fadama da tsohon kududdufin da aka cike, domin ƙasarsu na iya nitsewa da gini. A guji kuma baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, saboda takan kumbura idan ta sha ruwa, ta motse idan ta bushe, wannan motsi kuwa shi ke tsaga bango. Bishiyoyin da aka tarar a filin dukiya ce, a tsara ginin ya zauna tare da su.

Daga nan sai fuskantar rana. Da safe da yamma rana tana ƙasa-ƙasa, haskenta na dukan bangon gabas da na yamma kai tsaye, kuma babu wata rumfa da za ta iya tare shi sosai. Da tsakar rana kuwa tana sama, rumfa kaɗan ta isa ta kare bango. Saboda haka ƙa'idar ita ce a shimfiɗa tsawon ginin daga gabas zuwa yamma. Gajerun bangaye marasa taga su kalli gabas da yamma, dogayen bangaye masu tagogi su kalli kudu da arewa.

Nawa ya kamata rufi ya zarce bango? A nan lissafin kusurwa zai yi mana amfani. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Rana takan tsaya daidai tsakar ka a can sau biyu a shekara, wajen 21 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta. Tsakanin waɗannan ranaku takan ɗan karkata arewa, amma ba ta wuce digiri 11.5. A cikin Disamba kuwa takan karkata kudu har digiri 35.5, wato 12 a tara da 23.5 na karkatar duniya. Idan muna son inuwa ta rufe tagar kudu wadda gindinta ke mita 2 ƙasa da bakin rufi, sai mu ninka 2 da tan 35.5°, wanda yake 0.71. Amsa ita ce mita 1.42. Idan bangon ne gaba ɗaya mai tsayin mita 3, sai mu sami mita 2.1. Wannan ya nuna cewa a gefen kudu ya fi dacewa a yi baranda, gefen arewa kuwa zarcen rufi na ƙasa da mita ɗaya ya wadatar da tsakar rana.

A kula: alƙibla a ƙasar Hausa ba gabas ce sak ba, ta karkata arewa da kimanin digiri 20 ko fiye kaɗan. Kada magini ya ɗauki fuskar masallacin gari a matsayin gabas. A ƙarshen darasin nan akwai hanyar gano gabas ta gaskiya da sanda da igiya.

3. Rufi

Tun da rufi ne ya fi karɓar zafi, shi ya fi cancanta a yi masa tunani. Kwano yana da amfani ƙwarai: ba shi da nauyi, yana zubar da ruwa, kafintocin ƙauye sun iya aikinsa. Aibinsa shi ne siriri ne kuma ƙarfe ne, zafi na ratsa shi nan take. Da tsakar rana zafinsa na iya haura digiri 60, sai ya riƙa zubo huci a kan duk wanda ke ƙarƙashinsa.

Akwai magani iri uku. Na farko launi. Sabon farin fenti yana mayar da kusan kashi 70 cikin ɗari na hasken rana, alhali tsohon kwano mai tsatsa shanye mafi yawansa yake yi. Na biyu silin, wanda ke tare hucin kwano. Amma idan aka rufe sararin da ke tsakanin kwano da silin ruf, iskar da ke ciki takan gasu kamar tanda, daga baya zafin ya ratso ƙasa. Saboda haka sai magani na uku, wanda ya fi duka: a ɗaga kwanon sama a kan ƙarafa, a bar sarari buɗe tsakaninsa da silin ta kowane gefe, iska ta riƙa ratsawa tana kwashe zafin. A wannan tsari kwano ya zama kamar malfar manomi, yana ba ginin inuwa ba tare da ya manne masa ba.

Silin mai kauri yana da wata fa'ida. Kowa ya san yadda darasi ke tsayawa cik idan ruwan sama ya kece a kan kwano tsirara. Silin na tubalin ƙasa ko na kankare yana rage wannan ƙara, muryar malami ta ci gaba da kai wa layin baya.

4. Bango

Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro da rana, ko ya ziyarci Gidan Makama a Kano, ya ji sanyin da ke ciki. Dalili shi ne bango mai kauri yana shan zafi a hankali, yana kuma sakinsa a hankali. A bangon ƙasa mai kaurin santimita 30, zafin da ya daki waje kan ɗauki kimanin sa'o'i 8 zuwa 10 kafin ya iso ciki. Ga makarantar jeka-ka-dawo wannan babbar riba ce, domin zafin tsakar rana ba zai iso cikin aji ba sai bayan an tashi. Bulon siminti mai rami da aka saba gani bai da wannan jinkiri sosai, shi ya sa ajinsa ke saurin ɗaukar zafi.

Amma akwai sharaɗi. Dole bangon ya sami damar hucewa da dare, in ba haka ba gobe zai wayi gari da zafin jiya. Don haka a bar ƙananan kafofi a sama, a sa musu raga da sandunan ƙarfe, su kwana a buɗe. Haka kuma ɗakin kwanan ɗalibai na makarantar kwana hukuncinsa dabam ne, domin da dare ake amfani da shi, daidai lokacin da bango ke sakin zafinsa. Shi yana bukatar tagogi masu faɗi fiye da na aji.

Mutane da yawa na ƙin ginin ƙasa saboda ruwa na cinye shi kuma kullum sai an yi yaɓe. Kimiyya ta rage wannan matsala. Akan gauraya jar ƙasa da siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a ɗan jiƙa ta, a matse ta da ƙarfi a cikin injin hannu, sannan a lulluɓe tubalan a riƙa yayyafa musu ruwa na 'yan makonni har su ƙosa. An ƙirƙiro irin wannan injin hannu a ƙasar Kolombiya a shekarun 1950, kuma Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta ƙera nata. Inda kuma ake da marmara, ana iya yanko ta a yi gini da ita kai tsaye. Marmara na da wata ɗabi'a: tana da taushin yanka lokacin da aka haƙo ta, sai ta taurare bayan ta sha iska.

Ko wane iri aka zaɓa, bangon ƙasa yana son kariya sama da ƙasa. A sama rufi ya zarce shi don kada ruwa ya doke shi. A ƙasa a ɗora shi kan harsashin dutse ko kankare da ya ɗago daga ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a tsakani don kada danshi ya hau. Wannan tudun harsashi yana kuma sa a ga hanyar gara da wuri kafin ta kai ga katako.

5. Iska da haske

Iskar waje tana ɗauke da kabon dayokzaid kimanin kashi 0.04 cikin ɗari, amma numfashin da muke fitarwa yana da kusan kashi 4, wato ninki ɗari. Idan mutum 40 suka zauna a ɗaki rufe, wannan iska takan taru, ta kawo kasala da ciwon kai. Rufaffen ɗaki kuma shi ne inda cututtukan numfashi irin su tarin fuka da ƙyanda suka fi saurin yaɗuwa.

A ce kowane ɗalibi yana bukatar sabuwar iska lita 8 a kowane sakan. Aji mai mutum 40 na bukatar lita 320 ke nan. Idan tsayin ajinmu mita 3.5 ne, iskar da ke cikinsa lita 220,500 ce. Mu raba wannan da 320, za mu sami sakan 689, wato kusan minti 12. Ma'ana, ya kamata iskar ajin ta sauya gaba ɗaya sau biyar a kowace sa'a.

Hanyoyi biyu ne ke kawo haka ba tare da fanka ba. Ta ɗaya, a sa tagogi a bangaye biyu masu kallon juna, kudu da arewa, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Wannan ne ya sa ba a son a manna azuzuwa biyu baya da baya, ko a tsaga lungu a tsakiyar gini da azuzuwa dama da hagu. Ta biyu kuwa tana aiki ko da iska ta tsaya cik: tun da iska mai zafi sama take tashi, idan aka yi kafa a silin ko a ƙolin bango za ta fice, ficewarta kuma ta jawo mai sanyi ta tagogin ƙasa. Iyakar nisan da ke tsakanin mashiga da mafita a tsaye, iyakar ƙarfin jan.

Tagogi su kasance masu fuka-fukan da ake iya karkatawa, domin da hunturu iskar arewa maso gabas na zuwa da ƙura da sanyi, ana so a rage ta ba tare da aji ya yi duhu ba. Game da haske, ma'aunin da aka saba bi shi ne faɗin tagogi gaba ɗaya ya kai kashi ɗaya cikin biyar na faɗin daɓe. A ajinmu murabba'in mita 12.6 ke nan. A shafa wa silin da saman bango farar ƙasa ko farin fenti don su watsa haske. Allo kuma a kafa shi a ɗaya daga gajerun bangayen nan marasa taga, haske ya zo wa ɗalibai daga gefe. Idan taga na kusa da allo a bango ɗaya ido zai gaji, idan kuma tana fuskantarsa allon zai riƙa ƙyalli.

6. Darasi daga Burkina Faso

An haifi Francis Kéré a 1965 a ƙauyen Gando, wanda a lokacin ba shi da makaranta. Yana ɗan shekara 7 aka tura shi garin Tenkodogo, inda ya yi karatu a aji na bulon siminti mai cunkoso, mara iska da haske. Daga baya ya tafi Jamus da tallafin koyon kafinta, ya ƙare da karatun zanen gine-gine a Balin. Tun yana ɗalibi ya tara kuɗi ya gina wa ƙauyensu firamare mai aji uku, aka gama a 2001. An yi bangonta da tubalin ƙasa mai ɗan siminti, silin ma na tubali ne mai kafofi, kwano kuwa an ɗaga shi sama a kan rodi. Mutanen gari, maza da mata, su suka ɗebo duwatsu da ruwa suka yi aikin. Ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004.

Yankin da Kéré ya yi waɗannan ayyuka yana tsakanin digiri 11 da 13 ne arewa, kusan layi ɗaya da Kano da Zariya, ga hunturu ga bazara irin namu. Don haka abin da ya yi aiki a can zai yi a nan.

A garin Dano, kudu maso yammacin ƙasar, ya faɗaɗa wata sakandare a 2007 da azuzuwa uku da ɗakin kwamfuta da ofis. An shimfiɗa ginin gabas zuwa yamma, an yi bango da marmarar da aka yanko a yankin. Silin ɗinsa yana lanƙwashe kamar igiyar ruwa, da tsaga-tsaga da iska mai zafi ke bi ta fita zuwa ƙarƙashin kwano, kwanon kuma ya zarce bango sosai. A ƙarƙashin rufin nan an bar wani wuri a buɗe mai matakan zama, inda ɗalibai ke hutawa a inuwa. Magina da suka koyi aiki a Gando suna cikin waɗanda suka gina shi.

A sakandaren Schorge da ke gefen birnin Kudugu, wadda aka gama a 2016, ya jera ɗakuna tara a zagaye da fili, kamar yadda ɗakunan gida ke kewaye tsakar gida, don su kare filin daga iska da ƙura. Kowane aji yana da hasumiya a bayansa da ta zarce rufi, wadda ke taimaka wa iska mai zafi ficewa. An kewaye ginin da shinge na sandunan itacen turare, wanda ke tace hasken rana ya bar inuwa tsakaninsa da bango. Tun da zagaye ba ya barin kowane aji ya kalli kudu da arewa, wannan shinge ne ke tare ranar safe da ta yamma. Kujeru da tebura ma an ƙera su da katakon yankin da ragowar ƙarfen rufi. A 2022 Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ake ɗauka mafi girma a wannan fanni.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce a wannan ilmi. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara a ƙarni na 19. Masallacin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, aikin Alhaji Falke Barmu, ya sami lambar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, duk a jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin laburare, suka gina sabo da matsattsen tubalin ƙasa, aka gama a 2018.

7. Guguwa, ƙarfin gini da tsaron rai

Rufin da aka ɗaga sama yana da haɗarinsa, wato iskar farkon damina, wadda a yankinmu daga gabas take tasowa. Iska mai gudu a saman rufi tana rage nauyin da ke danne shi, ta kuma shiga ƙarƙashi ta tura shi sama. Ƙarfin yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. Iska mai gudun mita 30 a sakan, wato kilomita 108 a sa'a, tana iya jan kowane murabba'in mita da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 55. A kan rufin ajinmu wannan ya haura tan 3. Ƙusa kaɗai ba za ta riƙe ba. Dole a ɗaure kwano da ƙarafansa, a ɗaure ƙarafan da ɗamarar kankare mai rodi da ta zagaye saman bango, ita kuma a haɗa ta da ginshiƙai har harsashi. Layin darbejiya a gabas da ginin, da ɗan tazara, zai karya ƙarfin iskar.

Batun ƙarfi ba wurin tsimi ba ne. A watan Yuli na 2024 ginin wata makaranta mai bene ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. A Nuwamba na 2021 kuma gobara ta kama azuzuwan zana da kara a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. Inda fili yake wadace, kamar a karkara, gini mara bene ya fi sauƙi da aminci. Injiniya mai rajista ya duba zanen, ya kuma zo ya ga rodi kafin a zuba kankare. Ƙofofi su buɗe zuwa waje, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ya sami ƙofa biyu. A yi gangara a bakin baranda saboda masu keken guragu, tsawon mita 12 ga kowane tsayin mita 1.

8. Ruwa da makewayi

Babban rufi tafki ne a sama. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Idan rufin gininmu murabba'in mita 300 ne, a garin da ake samun milimita 800 a shekara, lita 240,000 za su sauka a kansa. Ko an cire kashi ɗaya cikin biyar na asara, saura lita 192,000, wato duro 960. Indararo da tanki mai murfi za su tara wani kaso daga ciki don wanke hannu da ban ruwan bishiyoyi, su kuma hana ruwan ya zaizaye gindin bango. Ruwan farko da ya wanke ƙurar rufi a bar shi ya zube.

Makewayi kuwa a zana shi tare da azuzuwa tun farko. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2009, ta ba da shawarar makewayi ɗaya ga 'yan mata 25, da ɗaya tare da wurin fitsari ga yara maza 50. Na mata ya ware, da ƙofa mai sakata da ruwa a kusa, domin rashinsa na daga cikin abubuwan da ke sa 'yan matan da suka balaga fashin makaranta. Ramin ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kuma ya kasance a gangare da ita. Bututu mai tsawo baƙi, da raga a bakinsa, zai fitar da wari ya kama ƙudaje, ta hanyar ƙa'idar nan ta tashin iska mai zafi.

Gwaje-gwaje don aji

(a) Gano gabas. A kafa sanda a tsaye a fili mai laushi. Da hantsi a sa alama a ƙarshen inuwarta, a ɗaura igiya a gindin sandar a zana da'ira ta kan alamar. Bayan azahar, idan ƙarshen inuwar ya sake taɓa da'irar, a sa alama ta biyu. Layin da ya haɗa alamomin biyu shi ne gabas da yamma.

(b) Gwajin rufi. A sami kwali uku iri ɗaya. Na farko a rufe shi da gutsuren kwano, na biyu da kwano mai farin fenti, na uku a rufe shi da kwali sannan a ɗora kwano a kan duwatsu huɗu a samansa. A sa ma'aunin zafi a kowanne, a ajiye su a rana, a rubuta sakamako kowane minti 30.

(c) Gwajin ƙasa. A zuba ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku na kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka mai laushi a tsakiya, yumɓu a sama. Ƙasar tubali tana son yashi ya fi yawa, yumɓu kuma ya isa ya riƙe shi. In yumɓu ya yi yawa tubali zai tsage, in ya yi kaɗan zai marmashe.

Tambayoyi

1. Auna ajinku. Murabba'in mita nawa kowane ɗalibi ya samu, kuma tagoginsa sun kai kashi ɗaya cikin biyar na daɓe?
2. Wace fuska dogayen bangayen ajinku suke kallo? A wane lokaci rana ke shiga ciki?
3. Wani gari yana kan digiri 13.5 arewa. Nawa rufi zai zarce don ya rufe tagar kudu mai gindi mita 2 ƙasa da shi a tsakar ranar 21 ga Disamba?
4. Me ya sa bango mai kauri ya fi amfani ga aji a kan ɗakin kwana?

Kammalawa

Mafi yawan abubuwan da muka lissafa ba sa ƙara kuɗi mai yawa. Juya gini ya kalli kudu da arewa kyauta ne, haka ma sa tagogi su fuskanci juna. Amma da zarar an zuba harsashi, damar ta wuce, kuma ɗaliban shekaru arba'in ko hamsin masu zuwa su za su zauna da abin da aka yi. Saboda haka idan labarin sabon gini ya zo makarantarku, ya kamata shugaban makaranta da malaman kimiyya da ƙungiyar iyaye da malamai su nemi ganin zanen kafin ɗan kwangila ya fara haƙa, su kuma gayyato maginan gari, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kuma ɗalibai, ku gudanar da gwaje-gwajen nan uku a filin da za a yi ginin, ku miƙa wa kwamitin sakamakonku a rubuce.